Daren uku da kwana arba'in: dalilin da ya sa nake bayan tsofaffin matan Sangihe

Akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo tsakanin Kiristocin tsibiran Sangihe, can arewacin Indonesiya, wadda in ka kasa kunne sai ka rantse a unguwarku ake yin ta. Maganar ita ce, in mutum ya mutu an kai shi makwancinsa, ina ne iyakar abin da ya halatta Kirista ya yi? Kwanan da ake yi ana waƙa a gefen gawa, taron daren uku, taron kwana arba'in, zuwa kabari da kyandir a ƙarshen shekara, wai duk wannan bangaskiya ce, ko kuwa addinin kakanni ne ya sako rigar coci ya dawo ta bayan fage? 'Yan makarantar tauhidi da wasu fastoci suna ta ja-in-ja, tsofaffin mata kuwa ko a jikinsu, ranar arba'in na zuwa su ɗora tukunya. Ni dai bari in faɗa tun yanzu, ina bayan matan nan. Akwai abubuwan da zan soka in mun isa wurin, amma a ganina coci ya fi su buƙatar gyara a wannan maganar, kuma gyaran shine ya daina kame-kame ya fito fili ya faɗi abin da ya yarda da shi game da matattu.

Ga wanda bai taɓa jin sunan wurin ba, Sangihe jerin tsibirai ne da suka taso daga ƙarshen Sulawesi ta Arewa suka miƙe har kusa da Mindanao ta ƙasar Filifins. Babban garinsu Tahuna, kuma daga Manado, babban birnin Sulawesi ta Arewa, jirgin ruwa kan kwana a hanya kafin ya isa. Masunta ne da manoman kwakwa da kanumfari da gyaɗar ƙamshi. Galibinsu 'yan Furotesta ne, babban cocinsu shine GMIST wanda ya tsaya da ƙafarsa a 1947, akwai 'yan Katolika da 'yan Fentikos, akwai Musulmi musamman ta arewacin babban tsibirin. Kiristanci kuma ba sau ɗaya ya shigo musu ba. A 1563 wani fada na Katolika ya yi wa sarkin Siau, ɗaya daga cikin tsibiran, baftisma, zamanin Turawan Fotugal kenan, daga baya Sifaniyawa suka riƙe wurin, a 1677 kamfanin cinikin Turawan Holan ya karɓe Siau aka juya mutane zuwa Furotesta, sai aka yi watsi da su shekaru masu yawa babu isassun masu kiwo, sannan a 1857 wasu Jamusawa 'yan mishan su huɗu masu sana'ar hannu, Steller da Schröder da Kelling da Grohe, suka iso suka sake ginin. To ka ga mutanen da suka bi ta hannaye daban-daban irin wannan, ba abin mamaki bane makokinsu ya zama yana ɗauke da tabon kowane hannu.

Yadda ake yi kuwa, in an yi rasuwa kafin ka ce me maƙwabta sun kafa rumfa a ƙofar gida sun jero kujeru, akwai ƙungiyoyin taimakon juna na unguwa da na coci da aka kafa musamman don ranar mutuwa, kowa ya san abin da zai kawo. Gawa takan kwana a gida, wani lokaci fiye da dare ɗaya, don ana jiran ɗa ko 'ya da ke aiki a Manado ko Bitung su samo jirgi. Da dare a yi sujada, fasto ko dattijon ikkilisiya ya yi wa'azi, in an gama sai a shiga abin da ya fi komai fito da sunan Sangihe, wato masamper. Waƙar amshi ce ta taro, murya zalla kashi-kashi, wani ya ɗauko waƙa wasu su mayar masa da wadda ta dace da ma'anar tasa, a wani salon ma mai waƙar yana zagayawa cikin mutane in ya kai ƙarshe sai ya nuna wani, wanda aka nuna kuwa ba shi da mafita sai ya ɗauka. Haka za a yi ta yi, waƙar yabon Allah, waƙar kukan zuci, waƙar rabuwa, har dare ya tsala, wani lokaci har gari ya waye. Asalin abin haɗuwa ce tsakanin tsohuwar waƙar amshi ta mutanen da kuma waƙar kwaya ta coci da mishan suka koyar. Bayan an binne sai a sake taruwa daren uku, a sake a kwana arba'in, wasu iyalan su sake in shekara ta zagayo. A ƙauyuka da dama na wannan yankin kabarin yana nan cikin filin gida ko kusa da shi, an yi masa siminti da tayil, wani har da ɗan rufin kwano, kuma wajen Kirsimeti da jajibirin sabuwar shekara ana zuwa a share a wanke a kunna kyandir.

Masu suka suna da hujja, kuma ba ƙaramar hujja bace, bai kamata a mayar da su wasu marasa tausayi ba. GMIST coci ne da ya gaji koyarwar Kalbin, ɗaya daga cikin iyayen Furotesta, ta hannun Turawan Holan, wannan gidan kuwa tun asali yana ɗari-ɗari da duk wata hidima da aka ɗora a kan mamaci. Shi kansa Kalbin da ya rasu a 1564 ya bar wasiyya a binne shi ba tare da an kafa dutse a kansa ba, don kar kabarinsa ya zama wurin ziyara. Babban taron ikkilisiya da aka yi a Dordrecht ta ƙasar Holan a 1618 zuwa 1619 ya sa a tsarinsa, sashe na 65, cewa inda ba a saba wa'azin jana'iza ba kar a fara, inda aka saba kuma a yi ƙoƙarin kawar da shi, wa'azin ma fa kenan, ba a zo maganar kyandir ba. Littafin tambaya da amsa na Heidelberg, wanda Kelling ya juya zuwa harshen mutanen kamar yadda ya juya Sabon Alkawari a 1883, yana koyar da cewa da zarar mai bi ya mutu ana ɗaukar ransa zuwa wurin Almasihu nan take. To in haka ne, in ji su, arba'in ɗin ta mene ce? Ai a wurare da yawa na Indonesiya mutane sun yarda cewa kurwar mamaci tana nan tana zagaya gida har sai an cika wasu kwanaki, kuma taron ne ke sallamar ta. In wannan ne a zuciyar masu dafa abincin, to an ƙaryata koyarwar coci a cikin rumfar da fasto ke tsaye yana addu'a. Sannan su jawo Maimaitawar Shari'a sura 18 inda aka hana neman shawarar matattu, su jawo labarin Sarki Saul da matar nan ta Endor mai kiran matattu.

Abin da coci ya yi don ya raba gardama shine ya sauya wa tarukan suna. An ce sujadar ta'aziyya ce, ko sujadar godiya, ta masu rai ce, ba ta da wata alaƙa da wanda ya tafi, kwanakin kuma lissafi ne kawai na sauƙin haɗuwa. Wannan amsa tana da tsohon tarihi, Agustin na Hippo, babban malamin ikkilisiya, tun ƙarni na 5 ya ce hidimar jana'iza ta fi zama sanyin zuciya ga rayayyu fiye da taimako ga matattu. Amma shi wannan Agustin ɗin da mahaifiyarsa Monika ta rasu ya yi ta danne hawaye a gaban mutane don kar a ce bangaskiyarsa ta yi rauni, daga baya da ya kaɗaita ya fashe da kuka, kuma ya roƙi masu karanta shi su riƙa tunawa da ita a gaban bagadi. Wato mutumin da ake jingina masa maganar ma bai iya tsayawa a kanta ita kaɗai ba. Shi ya sa nake cewa amsar cocin rabin gaskiya ce. Matar da ta rasa miji ta tashi da asuba tana dafa shinkafa da kifi na mutum ɗari ranar arba'in, in ka ce mata wannan duk don ke ce babu ruwan mijinki, za ta ce to fasto, ta ci gaba da abinta, amma ta san don shi take yi. Kai ma ka sani. An dai yi yarjejeniyar shiru ne, fasto ya faɗi nasa a lasifika, jama'a su riƙe nasu a ciki, kuma a cikin wannan shirun ne tsoron kurwa yake samun wurin zama, tunda ba wanda ya zauna da su ya rarrabe musu abin da bangaskiya ta ɗauka da wanda ta ƙi.

Dokokin Jeniba, birnin da Kalbin ya zauna, da na Dordrecht magani ne da aka haɗa don wata cuta takamaimai. A Turai ta wancan lokacin ana sayar da addu'ar matattu da kuɗi, mai hali ya biya a yi ta yi wa ubansa hidima don a rage masa zaman wahala kafin ya shiga sama, talaka ya ci bashi, wa'azin jana'iza kuma ya koma kirarin masu kuɗi. Masu gyaran ikkilisiya suka ga abin ya yi yawa suka sare shi tun daga tushe. Sai aka ɗauko wannan maganin aka ɗura wa wanda ciwonsa daban.

Don ka gane ciwon Sangihe sai ka dubi Awu. Dutse ne mai aman wuta da ke zaune a arewacin babban tsibirin, kuma yana cikin waɗanda suka fi kisa a duk Indonesiya. A 1711 ya kashe mutane wajen 3,000. A watan Maris na 1856 ya kashe kimanin 2,800, a 1892 ya ƙara wajen 1,500. Dubi shekarun nan da kyau, Steller da abokansa sun sauka a 1857, shekara ɗaya tak bayan toka mai zafi da laka sun bi ta kan ƙauyuka. Wato bisharar da ta kafa cocin yau an yi wa'azinta ne ga mutanen da kusan kowa yana da wanda ya rasa, da yawa kuma babu gawar da aka wanke balle a san inda take kwance. A 1871 dutse mai aman wuta na tsibirin Ruang ya tashi, igiyar ruwan da ta biyo baya ta cinye mutane wajen 400 a tsibirin Tagulandang da ke kusa. Ga kuma teku na kullum, masunci ya fita da ƙaramin kwale-kwale mai inji, ko mai gadin rumfar kifi da ake ɗaurewa a tsakiyar ruwa igiya ta tsinke da shi, wani a tsince shi bayan makonni a ruwan wata ƙasa, wani shikenan. In babu gawa, babu akwati, babu rami, me ya rage wa iyali? Ranar da aka sa da kuma waƙar da za a yi, su ne kabarin. Wanda ya ce a soke kwanakin nan saboda tsabtar koyarwa, ya sani cewa ga wasu gidajen jana'izar gaba ɗaya ya soke. Kuma akwai aya a Wahayin Yahaya 20:13 da ke cewa teku zai ba da matattun da ke cikinsa, wadda mu 'yan tudu muke wucewa da gudu in muna karatu, amma ga mai ɗa a ƙarƙashin ruwan Sulawesi ita ce ayar tashin matattu, kuma ita ya kamata a riƙa buɗewa ranar arba'in ɗin.

Sai maganar cewa arba'in ɗin daga arna aka samo ta. Ko da haka ne ma ba shi ke yanke hukunci ba, amma ba haka bane kai tsaye. Tun ƙarni na 4 akwai rubutun tsarin ikkilisiya da ya ambaci tunawa da mamaci a rana ta uku saboda tashin Almasihu, da ta tara, da ta arba'in, da cikar shekara. Cocin Otodoks har gobe suna yi, Kibɗawan Masar suna yi, Habashawa suna yi, maƙwabtan Sangihe na Filifins 'yan Katolika suna da addu'ar kwana tara da ta arba'in. Mutanen Sangihe da kansu in ka tambaya za su ce ai Yesu ya yi kwana arba'in yana bayyana ga almajiransa kafin a ɗauke shi, kamar yadda yake a farkon Ayyukan Manzanni. Masu suka su ce wannan kwaskwarima ce aka yi daga baya, to sai me? Ai haka ake mayar da abu na Kirista, a ɗauki kwanan da mutane suka riga suka saba a cika shi da labarin Almasihu. Littafi Mai Tsarki ma bai san makokin yini ɗaya ba, an yi wa Yakubu makokin kwana bakwai bayan Masarawa sun yi masa kuka kwana saba'in, an yi wa Musa kwana talatin. Musulmin Indonesiya suna da irin wannan rigimar a kan tahlilan, taron addu'ar kwana uku da bakwai da arba'in da ɗari har dubu, ƙungiyar Nahdlatul Ulama na karewa ta Muhammadiyah na ƙi, mu ma nan ai mun san yadda aka kwashe shekaru ana kai ruwa rana a kan sadakar uku da bakwai da arba'in tsakanin Izala da 'yan ɗariƙa. Ba zan shiga wannan ba, kowane addini da ma'auninsa, abin da na lura kawai shine mutanen da ba su haɗa littafi ba sun haɗu a kan lissafi kusan iri ɗaya, kuma ina ganin dalilin a jikin ɗan Adam yake.

Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san kwanakin farko ba su ne masu wuya ba. Gida cike yake, ana ta shiga da fita, mai rashin ma bai gama yarda an yi ba. Wuyar tana zuwa ne bayan an naɗe rumfa an mayar da kujerun haya, 'ya'ya sun hau jirgi sun koma bakin aiki, wajen mako na biyar ko na shida, lokacin da kowa ya ɗauka ai ta warware. A daidai nan ne al'ada ta ce kowa ya dawo. Ba sai gwauruwa ta roƙa ba, ba sai ta yi wa kowa waya ta ce kaɗaici zai kashe ni ba, ranar tana nan a rubuce, dole a zo. Wane shirin ziyara ne kwamitin coci zai zauna ya tsara da zai kai wannan aiki? Haka masamper, mutumin da ba zai taɓa iya tashi a gaban jama'a ya ce zuciyata ta karye ba, in aka nuna shi zai ɗauko waƙar rabuwa ya rera, murya na rawa, sauran su tallafe shi da amshi. Bulus bai ce kar a yi baƙin ciki ba, cewa ya yi a 1 Tasalonikawa 4:13 kar a yi irin na marasa bege. Yesu ma ya san zai ta da Li'azaru cikin 'yan mintoci amma ya tsaya ya yi hawaye. Fastocin da ke hawa mumbari ranar jana'iza su ce kar kowa ya yi kuka ɗan'uwanmu yana wurin da ya fi nan, ko a can ko a nan, gaskiya suna ba ni haushi.

Inda maganar ta fi tsauri shine kabari. Mutum ya je ranar 31 ga Disamba ya share kabarin uwarsa ya kunna kyandir ya ce mama ga mu mun ga ƙarshen shekara, jikarki ta gama makaranta. Shin ya yi abin da Saul ya yi a Endor? Ni na ce a'a, kuma bambancin ba mai wuyar gani bane. Saul ya je neman sanin gaibu ne daga wanda ya mutu bayan Allah ya yi masa shiru, ya mayar da mamaci madadin Allah. Wannan kuwa ba ya neman komai, ƙauna ce da ba ta sami inda za ta sauka ba. Duk Lahadi ana tsayawa a GMIST a furta Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, a ce an gaskata da tarayyar tsarkaka da tashin jiki. In waɗanda suka mutu cikin Almasihu rayayyu ne a wurinsa, kuma jiki ɗaya ne da mu, kamar yadda Ibraniyawa 12 ke maganar taron shaidu da suka kewaye mu, to dangantaka ba ta yanke ba, sai dai ta sauya. In kuma jikin nan da aka sa a rami shi za a tayar, to wanke kabari shaida ce, ba shirme ba. Kayan aikin duk suna cikin gidan Furotesta, ba sai an aro daga ko'ina ba, tsoron kar a ce sun koma Katolika ne ya sa aka kulle su a ɗaki. Coci zai iya cewa a fili: ba ma yin addu'a don a sauya wa mamaci makoma, ba ma roƙonsa komai, ba ma tsoronsa, amma muna tunawa da shi da suna a gaban Allah muna godiya, kuma muna jiran ranar haɗuwa. In aka faɗi haka ranar arba'in, an ba matar nan abin da ya fi wanda take riƙe da shi a ɓoye.

Kuma wannan cocin ya taɓa yin irin wannan aikin ya ci nasara. Tulude bikin gargajiya ne na sallamar tsohuwar shekara da ake yi ranar 31 ga Janairu, da babban wainar tamo da ake shigowa da ita cikin girmamawa a yanka, asalinsa tun kafin zuwan mishan ne, yau kuwa da addu'ar Kirista ake yinsa fastoci na zaune a sahun gaba. Sunan da kakanni ke kiran Mahalicci da shi, Ghenggona Langi, Kiristoci suna kiran Allah da shi ba wanda ya ce sun yi ridda. To in an iya karɓar bikin shekara har da sunan Allah, wanda shi ne mafi haɗari, me ya sa sai hawayen gwauruwa ne za a tsaya ana yi wa binciken kwastan?

Yanzu inda masu suka suke da gaskiya. In iyali sun yi taron daren uku don suna tsoron in ba su yi ba mamacin zai dawo ya dame su, ko yaro ya yi zazzaɓi a ce kaka ce ta yi fushi ba a gyara kabarinta ba, wannan bauta ce ta tsoro kuma bishara ta zo ne ta kwance ta, a nan kam fasto ya buɗe baki. Sai kuɗi. Abin bai kai na mutanen Toraja na Sulawesi ba inda ake yanka ɓauna da yawa a jana'iza ɗaya, amma ciyar da jama'a dare bayan dare, sannan uku, sannan arba'in, sannan shekara, ga siminti da tayil da dole jirgi ne zai kawo su, duk a wuyan gidan da wataƙila mai kamo kifin ne ya mutu, wannan ba ƙaramin nauyi bane, kuma da zarar an fara auna ƙaunar mamaci da yawan kwanukan abinci ko kyan kabari to an koma cutar da su Kalbin suka yaƙa, sai dai ta sauya kaya. Ga 'yan kati da domino da ke mamaye bayan rumfa, wani lokaci har da kwalba, su ce suna taya zaman dare ne. Gyaran wannan ai a hannun ikkilisiya yake kuma ba ya buƙatar soke komai: a ce ranar arba'in masu zuwa su ne za su kawo abinci, gidan rashi ba za su hura wuta ba, shayi da burodi ma ya isa, kuma dattawa su fara nuna misali a gidajensu don kar talaka ya ji kunya. Masamper ma tunda ya zama abin gasa da kofi da yunifom, akwai haɗarin a zo gidan makoki da niyyar burgewa, wannan shugabannin ƙungiyoyin ne za su tsawata.

Abin da ke ba ni dariya kuma shine ba wanda ke ƙorafi in gwamnati ce ke tunawa da matattu. Bataha Santiago, sarkin Manganitu ta Sangihe da ya ƙi sa hannu a yarjejeniyar kamfanin Turawan Holan suka kashe shi a 1675, a watan Nuwamba na 2023 aka ayyana shi gwarzon ƙasa. Shekara 348 kenan. Wa ya riƙe sunansa duk tsawon wannan lokacin kafin Jakarta ta waiwayo? Mutanen da suka san inda kabarinsa yake suka ci gaba da sharewa suna ba jikoki labari. Manya su je da furanni da 'yan jarida a ce kishin ƙasa, talaka ya je wa ubansa da kyandir ɗaya a ce a duba tauhidinsa.

Maganar ma ta wuce ta aji yanzu. A watan Afrilu na 2024 Ruang ya sake tashi, har aka rufe filin jirgin saman Manado, aka kwashe mutanen ƙauyuka biyu da ke kan tsibirin, Laingpatehi da Pumpente, gwamnati kuma ta yanke cewa ba za su koma ba, za a zaunar da iyalai wajen 300 a Bolaang Mongondow ta Kudu, can kan babban tsibirin Sulawesi, nesa da ruwan da suka sani. Gwamnati za ta iya gina gida da makaranta da coci, lissafinta kenan kuma ba laifi. Amma iyayensu da kakanninsu suna kwance a Ruang ƙarƙashin toka, kuma Disamba za ta riƙa zuwa duk shekara. Tauhidin da ya ce kabari ba komai bane ba shi da abin da zai faɗa wa waɗannan mutanen illa su manta. Littafin da ke hannunsu kuwa ya ba da labarin Yusufu da ya rantsar da 'yan uwansa kar su bar ƙasusuwansa a Masar, Musa ya ɗauke su a daren fita duk da gaggawar da ake ciki, aka yi ta yawo da su a jeji har aka binne a Shekem. Ni a ganina aikin GMIST ne, ba na ma'aikatar ayyuka ba, ya zauna da waɗannan iyalan a rubuta sunan duk wanda aka bari a tsibirin tun tsofaffin da suka san wurin kowane kabari suna da rai, a kafa sunayen a sabon garin inda za a iya zuwa a tsaya, a sa rana a kalandar ikkilisiya da za a riƙa karanta su, kuma in masana dutsen sun ce an samu lafawa, coci ya nemi izini ya ɗauki hayar jirgi ya kai masu son zuwa su share abin da ya saura.